Wasa da Godiya: Shekara Goma Bayan Sada Maigadi

Shekara goma ke nan a wannan wata da muka ɗauki Sada daga gidansa na Ƙofar Guga muka raka shi makwancinsa. Masu bin ƙwallo a garin nan, musamman waɗanda furfura ta fara yi wa sallama, sun san shi da Sada Maigadi, golan da ya tsare raga fiye da shekara ashirin, sannan ya ƙara kusan wasu ashirin yana koya wa na baya. A wurina kuwa abokina ne tun muna zama benci ɗaya a firamare, kuma mijin ƙanwata Zulai. Lokacin da ya rasu an faɗi abin da za a faɗa game da wasanninsa, ba ni da abin ƙarawa a can. Abin da nake so in waiwaya yau shi ne inda sunan Maigadi ya samo asali, da wata gaisuwa guda da ya yi ta jira daga bakin mahaifina har Allah ya karɓi abinsa.

Da yawa suna zaton 'yan kallo ne suka raɗa masa sunan don yabo. Ba su ba ne. Mahaifina ne, Malam Iro, kuma ba da nufin yabo ya raɗa shi ba. Baba baduku ne, gadon gidanmu ke nan a Ƙofar Durbi, ni ne ma na fanɗare na zama malamin makaranta. Yana da rumfa a Babbar Kasuwa inda yake ɗinka takalma da jakunkuna da kuben wuƙa, kuma yana da wata aƙida da ba ya sassautawa a kanta, wai sana'a a hannu ake ganinta. Yakan ce a ba shi hannun mutum, ko bai buɗe baki ba zai faɗi abin da yake ciyar da iyalinsa da shi. Marini hannunsa ya rine, mahauci da tabon wuƙa, manomi da kanta. Shi kansa yatsunsa sun yi jajir da karan dafi, basilla ta huda su ba adadi. Ni da na ɗauki koyarwa, sai da ya ga farin alli a yatsuna kafin ya yarda cewa aiki nake zuwa.

Ina Zariya ina karatu aka je neman auren Zulai. Sada maraya ne, baffansa Halliru ne ya jagoranci masu zuwa. A wancan zamani ƙungiyoyin ƙwallo na ma'aikatu ne da kamfanoni, daga can albashin ɗan wasa yake fitowa. Da Baba ya tambayi abin da yaron yake yi, Baffa Halliru ya ga kalmar gola ba ta dace da zauren dattijo ba, sai ya ɗauko Hausar rediyo. Ya ce tsaron gida yake yi wa wata ma'aikata, kuma ana yabonsa ƙwarai, ba kasafai ake wuce shi ba. Baba ya ji daɗi. Ya ce wanda aka ba amanar ƙofa bai kamata riƙon ɗiya ya gagare shi ba. Ya sa aka bincika hali da salla, aka ce ba su da aibi, ya ba da.

Inna ta sani, Zulai ta sani, duk matan gidanmu sun sani. Da na tambayi Inna daga baya abin da ya hana ta faɗa, sai ta ce ita ba a tambaye ta ba, kuma ba ta saba tsoma baki cikin maganar zaure ba. Baba kuwa saboda murna ya sa aka sassaƙa kulki na icen ƙirya, ya naɗe masa mariƙi da jar fata da hannunsa, ya yi masa maɗauri, ya aika wa ango a cikin kayan gara. Sada ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Ya gaya mini daga baya cewa ya ɗauka al'adar dukawa ce su ba suruki kulki, bai so ya tambaya a ce bai san al'ada ba.

Asiri ya tonu ne bayan 'yan watanni, washegarin wani wasa da aka yi da baƙi daga Kano. Tun da hantsi mutane suka riƙa tsayawa a bakin rumfar Baba suna yi masa barka, wai surukinsa ya fid da gari kunya jiya, har biyu ya kama. Baba ya ajiye basilla, hankalinsa a tashe, ya tambaya ko sun ji masa rauni, kuma ko an miƙa su ga 'yan sanda. Wani mai sayar da yadi a maƙwabta ya ce a'a Malam, ai fanareti ake nufi. Baba ya tambaya su Fanareti ɗin 'yan wane gari ne. An ce dariyar da aka yi a layin dukawa ranar sai da 'yan hatsi suka leƙo. Shi dai bai yi dariya ba. Ya saurari bayani har ƙarshe, ya rufe rumfa kafin la'asar, abin da bai taɓa yi ba sai in an yi rasuwa.

Ina gida hutu a lokacin, na zaci za a yi tashin hankali. Ba a yi ba. Ya kira mu, ni da Inna, ya ce Baffa Halliru bai yi masa ƙarya ba, kunnensa ne ya yi masa. Magana zarar bunu ce, ya ba da ɗiya kuma ba zai karɓe ba. Amma ya ce shi a saninsa mai sana'a ya ba, ashe ɗan wasa ne. Ya ce a gaya wa yaron rabin rumfa nasa ne, duk ranar da ya gama wasan ya zo ya koyi abin da zai riƙe iyali da shi. Daga ranar bai ƙara kiransa da wani suna ba sai Maigadi. 'Yan kasuwa suka ɗauka, suka kai fili, fili ya yaɗa wa duniya.

Sunan bai dami Sada ba, har so yake yi. Gaisuwar ce ta dame shi. Kowa ya san yadda muke gaisawa a garin nan: a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi iyali, sannan a ce ina aiki, mutum ya ce aiki da godiya. Baba ba ya tsallake wannan ga kowa, ko ɗan dako ne ko mai turin ruwa. Sada yakan zo gaishe shi duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna a bakin zaure nesa da tabarma kamar yadda suruki ke yi, hannayensa a cikin babbar riga, kansa a ƙasa. Baba zai bi gaisuwar daki-daki har ya iso wurin aiki, sai ya ce:

"Maigadi, ina wasa?"

"Wasa da godiya, Malam."

Haka aka yi ta yi fiye da shekara talatin. An haifi 'ya'ya, an yaye su, an aurar da wasu, gaisuwar nan ba ta canza ba.

Abin da ke ba ni dariya, wani lokaci ya ba ni haushi, shi ne wannan mutumin da ke tsugune yana magana kamar mai ciwon haƙori shi ne wanda ake jiyo muryarsa daga wajen katangar fili. In ƙwallo ta taso sama ya kwarma "Tawa ce!", ɗan bayan da bai kauce ba ya sha gwiwa a haƙarƙari, babu ban haƙuri. Yana iya yi wa mai tsaron baya faɗa tun daga fili har cikin mota har a iso gida. Nakan tsokane shi in ce zaki a raga, ɗan tsako a zauren Malam Iro. Sai ya ce in bar shi, ni ban san nauyin karɓar ɗiyar mutum ba tunda ni 'yar ƙanin ubana aka ba ni.

Na taɓa ƙoƙarin shiga tsakani. Na ce wa Baba ai aikin Sada ya bambanta da na sauran, shi da hannu yake yi. Baba ya tambaye ni sunan wasan. Na ce ƙwallon ƙafa. Ya ce to kada in mai da shi yaro, shi dai bai taɓa jin inda aka ce ƙwallon hannu surukinsa ke yi ba. Daga nan ya juya ga ɗinkinsa. Wanda ya san Baba ya san in ya juya ga ɗinki an rufe magana ke nan.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙiyayya ce. Baba yana ƙaunar Sada, irin ƙaunar dattawan da, wadda ba ta bi ta baki. Cinyar ragon layya gidan Sada take zuwa kafin ta zo nawa. Duk Salla sai ya ɗinka masa takalmi da hannunsa, bai taɓa auna ƙafarsa ba, takalmin da yake tuɓewa a ƙofar zaure ya sa aka ɗauko masa sau ɗaya ya shafa, shi ke nan ya riƙe awon. Ya san ƙafar surukinsa ciki da bai. Hannunsa ne bai taɓa riƙewa ba, domin suruki ba ya miƙa wa uban matarsa hannu, kuma Sada bai taɓa fito da su daga cikin riga a gabansa ba.

Yana da dalilin ɓoye su. 'Yan yau da ke wasa a kan ciyawa ba za su gane filayen da ya yi ƙuruciyarsa a kansu ba. Jar ƙasa ce da tsakuwa, in ka yi tsalle ka faɗi sai ka bar fatar gwiwar hannu a wurin. Shekarunsa na farko babu safar hannu, ƙaro yake jiƙawa ya shafa a tafinsa don ƙwallo ta kama. Zulai ce ke cusa masa auduga a gefen gajeren wando ta ɗinke saboda ƙugu. Ƙwallon wancan lokaci ta fata ce, in ta sha ruwan damina nauyinta kamar tulu. Yatsunsa suka riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗori ya ɗaure da kara, kafin ya warke an zo an ce akwai wasa, ya kwance ya naɗe da tsumma ya shiga. A ƙarshe babu yatsa guda miƙaƙƙe a hannayensa biyu. Ƙaramin na dama ya karkace waje, ba ya haɗuwa da 'yan uwansa. Loma ta gagare shi, ya koma cin tuwo da cokali. In ya ɗaga manuniya a tahiya, nakan ce masa bayan sallama ya daina nuna ni, ban ci masa komai ba.

Ya ce in Malam ya ga hannayen nan cewa zai yi ga abin da wasa ya jawo. Ni na ce ya nuna, shi ya ce a'a. Taurin kan Sada bai fi na Baba ba, na Baba bai fi nasa ba, ni da Zulai ne muka sha wahala a tsakani. Daga baya ma yanar ido ta rufe wa Baba gani, ko an nuna masa ba zai gani ba.

Sau ɗaya ya taɓa buɗe mini cikinsa a kan wannan. Ya dawo daga 'yan shekarun da ya yi yana tsare wa wata ƙungiya a kudu, sunansa ya kai inda ya kai, yara na bin motarsa a titi. Muna zaune a gefen fili da la'asar bayan atisaye, yana kwance tsumman yatsunsa, na ce masa ai yanzu ya gama samun duk abin da gola ke nema. Ya naɗe tsumman ya ajiye a gefe. Sannan ya ce:

"Mannir, duk filin nan sun taɓa tashi tsaye sun yi mani tafi. Ni kuwa sannu da aiki guda ɗaya nike nema daga bakin Malam. In na same ta, ko ranar na mutu ban yi asara ba."

Na ji haushin mahaifina a ranar, kuma na daɗe ina jinsa.

Nakan tuna da wannan in na bi ta gidajen kallon ƙwallo da suka cika unguwanninmu yanzu. Matasa sun cika benci suna gardama a kan gololin Turai, wanda bai taɓa faɗuwa a kan tsakuwa ba yana bayanin yadda ya kamata a yi tsalle. Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Da Sada yana nan na san zai shiga ya zauna a baya, ba ƙwallon zai kalla ba, ƙafafun gola zai kalla kafin a buga. Abin da zai ɓata masa rai shi ne wayoyin nan. A zamaninsa in gola ya yi kuskure, a zage shi a fili, a zage shi a teburin mai shayi, bayan mako guda an manta. Yanzu yaro zai saki ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, kafin ya isa gida an tura wa uwarsa hoton, kuma abin ba ya gogewa. Ina jin da zai ce a ƙara wa yaran nan haƙuri a cikin atisaye, sun fi bukatarsa a kan tsalle.

Akwai kuma abin da na tabbata zai ba shi dariya. Yana gab da shekara arba'in aka sauya doka, aka hana gola kama ƙwallon da ɗan bayansa ya mayar masa da ƙafa. Ya yi ta mita wai an ɗaure masa hannu a cikin gidansa. Sa'o'insa da yawa a nan suka ajiye, shi kuwa ya riƙa fita da sassafe yana buga ƙwallo a jikin katanga da hagu da dama kamar sabon shiga, har ya ƙara wasu shekaru a raga. Yau an kai inda ake zaɓen gola da kyawun ƙafarsa kafin a dubi hannunsa. Zamani riga ne. Da ya ga haka cewa zai yi ashe Malam ya hango, ga shi ta zama wasan ƙafar da gaske.

Gwiwa ce ta sauke shi daga raga, ba don ya so ba. Da labari ya kai wa Baba cewa Maigadi ya daina, ya sa aka share rabin rumfar nan, aka shimfiɗa sabon buzu, ya aike ni in gaya masa. Ranar Juma'a Sada ya zo ya tsuguna, ya yi godiya, ya ce sai dai an ba shi aikin koci. Baba ya juyo wajena don fassara. Na yi sauri na ce koyarwa ce, irin tawa. Ya riƙa auna maganar, har na fara sa rai. Sai ya ce wato yanzu 'ya'yan mutane zai koya wa wasan ke nan. Da aka zo sallama ya ce Allah ya ba da sa'ar wasa.

A koyarwar ne na fi ganin ko wane ne Sada. Gololi kaɗai yake ɗauka, kuma ba ya barin sabon yaro ya taɓa ƙwallo sai ya iya faɗuwa. Yakan ce kamawa kowa na iya dacewa da ita, faɗuwa kuwa kullum ce, gara ka iya ta. Abu na biyu da yake koyarwa shi ne in an ci ka, kai za ka shiga raga ka ɗauko ƙwallon da kanka, da sauri, ba tare da ka nemi wanda za ka harara ba. Wannan ya ba ni mamaki daga mutumin da ya yi shekaru yana cin mutuncin 'yan bayansa, na kuwa gaya masa. Ya ce ai shi ya sa ya sani. Kulkin nan na Baba kuwa kullum yana rataye a hannunsa. Da shi yake ja layi a ƙasa, da shi yake ƙwanƙwasa turken raga in yana son a saurare shi. Bai taɓa dukan kowa da shi ba, amma babu golan da ya fito daga hannunsa da bai san ƙarar icen nan a jikin ƙarfe ba.

Ba waliyyi ba ne. In an ci ƙungiyarsa ba ya cin abinci, ba ya magana, gidan ya yi tsit sai ka ce an yi mutuwa, Zulai ta sha fama da wannan har tsufansu. Bai tara abin duniya ba, kuma bai iya lallashi ba. Amma ban san adadin yaran da ya kai wa mai ɗori a bayan babur ɗinsa ba, ko waɗanda ya bi har gida ya tsuguna wa iyayensu don a bar su su ci gaba. Ya iya tsugunno, ya samu horo mai kyau a zauren gidanmu.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ya kwanta 'yan kwanaki a asibiti, ya cika da safe, aka kawo shi gida Ƙofar Guga. Baba a lokacin ya haura tamanin, ba ya gani sai inuwa-inuwa. Shekaru da dama shi ake kira wankan gawa a unguwarmu, amma ya daɗe da bari saboda rauni. Da na je gaya masa rasuwar, ya yi salati, ya nemi sandarsa, ya ce in kai shi, shi zai yi wa Maigadi wanka. Wasu dattawa suka ce da an bar wa wani, akwai kunya tsakaninsu. Baba ya ce kunya ta masu rai ce.

Malamai sun ce wanda ya yi wa mamaci wanka ya rufe abin da ya gani in aibi ne, in alheri ne ya faɗa. Saboda haka zan faɗa. Mu uku ne a ɗakin, ni ke zuba ruwa. Da aka zo alwala, Baba ya lalubo hannun dama na Sada ya ɗaga. Na zuba ruwa, amma bai wanke ba. Ya tsaya. Ya bi babban yatsa da nasa yatsun, ya bi manuniya, ya tsaya a kan kowane ƙulli inda ƙashi ya haɗe a karkace. Ya kai ga ƙaramin nan da ya fita waje, ya yi ƙoƙarin mayar da shi cikin 'yan uwansa a hankali, ya ƙi. Ya juya tafin ya shafa kantar da ke ciki. Sannan ya miƙa ya lalubo na hagu, ya bi shi haka nan. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ban taɓa sanin nauyin karin maganar nan ba sai a ɗakin.

"Mannir, mi ya yi mashi haka?"

"Ƙwallo ce, Baba. Da hannu yake tare ta."

"Duka goma?"

"Duka goma. Na taɓa gaya maka."

"Ka hwaɗa mani," in ji shi. "Ban ji ba."

Ya haɗa hannayen biyu a cikin nasa jajayen, ya riƙe su har ruwan da ke butar ya fara huce mini a hannu. Sannan ya sunkuya kusa da kunnensa, ya kira shi da sunan da bai taɓa kiransa da shi ba, ya ce:

"Sada, sannu da aiki."

Na ajiye butar na fita, na bar wa na ukunmu zubin ruwan.

A zaman makoki Baba ya ce a zaunar da shi a bakin ƙofa inda masu ta'aziyya ke shigowa. Duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya riƙe ya shafa. Mutane sun zo daga Funtuwa, daga Daura, daga Gusau, har daga Maraɗi, manyan mutane masu iyali da ban taɓa gani ba. Can sai in ji Baba ya ce wannan ma ɗalibinsa ne, kuma bai kuskure ko sau ɗaya ba, yatsun ne ke gaya masa. A cikinsu akwai Bishir, wanda ya fi daɗewa tare da Sada kuma yake taimaka masa a fili. Shi Zulai ta ba kulkin bayan an share makoki.

Bayan arba'in Baba ya ce in kai shi ya ga inda ake aikin. Haka ya faɗa, inda ake aikin. Na ɗauke shi a mota da la'asar zuwa filin da Bishir ke ci gaba da horar da yaran. Na kama hannunsa na ɗora a kan turke ɗaya, ya bi layi da sandarsa a hankali har ya taɓa ɗayan. Ya ɗaga sandar sama ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ke bisa. Ya tambaya ko duk wannan mutum ɗaya ke tsarewa, aka ce masa e. Ya ce wannan ai ta kai ƙofar gari faɗi, ga shi ba ta da ƙyaure. Yaran suka zo suka tsuguna, ya bi su da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya har ya iso wurin aiki, bai tsallake ba. Bai ƙara shekara biyu a duniya ba bayan wannan.

Mutane suna so in ce ƙarshen ya yi kyau, nakan kuma ce ya yi. Amma gaskiyar da ke raina ita ce Sada bai ji ba. Shekara talatin da wani abu yana tsugunawa a bakin zauren nan, kalmar ta zo bayan kunnen ya rufe. Wannan yana ci mini rai har gobe, kuma ba na jin zai daina. Da na gaya wa Zulai abin da ya faru a ɗakin wanka, ta yi kuka mai yawa, sannan ta share ido ta ce ko da ya ji ma da ya rikice, bakinsa ya riga ya saba, wasa da godiya zai ce. Muka yi dariya a tsakiyar makoki har wata gwaggonmu ta leƙo ta harare mu.

Me ya rage na Sada bayan shekara goma? Kofunan da ya ci suna cikin kwabar Zulai sun yi duhu, jikoki na zuba goro a ɗaya. Matasan gidan kallo ba su san sunansa ba, ban kuma ga laifinsu ba. Rabin rumfar nan da ta jira shi har ya mutu, babban ɗansa ne a ciki, ya koyi dukanci a hannun kakansa, kuma rabin cinikinsa yau ɗinkin yagaggun safar hannu ne da takalman ƙwallo. Sai kuma waɗannan mutane masu karkatattun yatsu da suka watsu cikin garuruwa, kowane da yaran da yake koya wa faɗuwa kafin kamawa. Jar fatar kulkin ta koɗe ta yi baƙi saboda gumi, amma ɗinkin Baba bai saki ba.

Allah ya jiƙan Sada, ya jiƙan Malam Iro, ya sanyaya musu makwanci, ya haɗa su a inda babu sauran tsugunno daga nesa. Ni kuma da na rage, ritaya ta ba ni lokaci, nakan bi ta filin nan da la'asar in tarar da yaran Bishir suna faɗuwa suna tashi cikin jar ƙasa, gwiwar hannu duk jini. Ba na wucewa. Nakan tsaya a bayan raga in ɗaga murya yadda na ƙarshensu zai ji, in ce musu sannunku da aiki, kuma ba na tafiya sai sun amsa.